Yadda Ake Sa Sharaɗin Hana Zaizayar Ƙasa a Takardar Hayar Gona da Kwangilar Gini a Gombe

Gonar da muka gada tana kudu da Gombe, ta wajen Kumo, jigawa ce mai ɗan gangare zuwa gabas. Mun taso mun ga layin gamba uku sun gitta ta, ba wanda ya taɓa tambayar tsoho dalili. Bayan rasuwarsa kowa ya kama gabansa wajen neman abinci, sai muka ba wani bawan Allah hayarta shekara uku. Da fatar baki aka yi, gaban mutum biyu, aka shafa fatiha aka tashi. Daminar farko ya kawo tarakta, direban ya ce gamban nan na hana shi juyawa, aka tumɓuke. Huɗa kuma aka bi da ita daga tudu zuwa gangare, don ta nan gonar ta fi tsawo, mai ya fi auki. A damina ta biyu wata 'yar hanyar ruwa da ba ta kai idon sawu ba ta ɓullo a tsakiya. Ran da ya maido mana gonar na shiga ramin, bakinsa ya kawo mini ƙirji, saiwar ɗorawar da ke gefe tana reto ba ƙasa a ƙarƙashinta.

Muka je gaban jauro. Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, noma aka ba ni, noma na yi. Ruwa kuwa na Allah ne." Jauro ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ran da kuka ba shi, kun ce kada ya taɓa gamba?" Ban sami abin cewa ba, domin ba mu faɗa ba.

Tun daga nan, duk wanda ya nemi shawarata kan ba da hayar fili ko ba da aikin gini, tambayata ta farko ita ce: ruwan da zai sauka a wurin, ina zai bi, kuma a wuyan wa yake? Mutanenmu sun iya tsayar da farashi da wa'adi, amma maganar ruwa sai a bar ta sai ɓarna ta auku, a lokacin kuwa kowa ya zame. Ga yadda nake bi, daki-daki.

Abin da ya sa maganar ta fi nauyi a Gombe

Mafi yawan ƙasar da garin Gombe ya zauna a kanta rairayi ce marar danƙo, ga shi garin ya gangaro daga tudun yamma zuwa gabas. Ruwan shekara bai cika kai mita ɗaya ba, amma yana zuwa ne a dunƙule, Yuli zuwa Satumba, Agusta ya fi kowane wata. Tun da aka cire Gombe daga jihar Bauchi a 1996 ta zama babban birnin jiha, gonakin da ke shanye ruwa a da sun koma kwano da siminti. Yi lissafi da kanka. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai kusan murabba'in mita 450. In aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, lita 22,500 ke nan suka sauka a kansa, wato jarka 900 mai cin lita 25. In an rufe filin kaf da kwano da daɓen siminti, kusan dukkan ruwan nan ta rariya ɗaya zai fita, ya hau hanya, ya haɗu da na maƙwabta.

Wanda ya san kwarin da ya taso daga Jami'ar Jihar Gombe ya bi ta unguwar Malam Inna zuwa Kagarawal kafin a gyara shi a ƙarƙashin shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP da Bankin Duniya ya tallafa wa, ko kwarin da ya addabi unguwannin kewayen kwalejin horar da malamai ta tarayya, FCE, wanda shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL ya ɗauka, ya san abin da nake nufi. Gidaje sun rufta, hanyoyi sun yanke. Irin waɗannan manyan kwaruruwa sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma kowanensu da ƙaramar hanyar ruwa ya fara, a filin wani, lokacin da buhun yashi goma da layin jema ɗaya za su iya tare shi.

Mataki na farko: ku zaga filin tare, ku bi sawun ruwa

Kafin a yi maganar kuɗi, mai fili da mai karɓa su taka wurin da ƙafa, da shaida aƙalla ɗaya. Kada a aiki dillali shi kaɗai. In mai gonar mace ce da ta gada, ko tsoho da ba ya iya tafiya, a wakilta wanda zai sa hannu da sunansu, ba yaron da za a aika ya leƙo ya dawo ba.

Ku fara daga wurin da ya fi tudu. Ko da rani ne, ruwa yana barin sawu: yashi mai laushi da ya kwanta a jere, kara da leda da suka maƙale a gindin ciyawa duk suna kallon gefe guda, saiwar itace da ta fito fili, tsakuwa da ta rage a sama bayan ƙasa mai kyau ta tafi. Ku gano inda ruwa ke shigowa daga filin maƙwabci, inda yake taruwa, da inda yake fita. Ku tambayi dattijon da ya daɗe a wurin, "Baba, in an yi ruwa mai ƙarfi ta ina yake bi a nan?" Abin da zai gaya muku a minti biyar, safiyo ba zai gani a takarda ba.

In akwai kwari kusa, ku je kansa, wato inda ya fara daga sama. Kwari da baya yake ci. Ruwa na faɗawa daga bakinsa ya ƙwaƙule ƙasan, saman ya rufta, kan ya matso tudu. Kwarin da ke ƙasan filinka da taku hamsin yau, kai yake nufowa.

Mataki na biyu: ku rubuta halin da filin yake ciki a ranar

Wannan shi ne abin da ya kayar da mu a gaban jauro, shi ne kuma mutane suka fi tsallakewa. In ba a san yadda wuri yake ran da aka ba da shi ba, ba yadda za a tabbatar an ɓata shi.

A ƙirga itatuwa da sunansu: ɗorawa nawa, kaɗanya nawa, gawo, tsamiya, kuka. A rubuta layin gamba ko shinge nawa ne, da tsawonsu. Duk wata hanyar ruwa a auna faɗinta da zurfinta da tef a wuri biyu ko uku. Sannan a sami guntayen rodi, a kafa su da ɗan siminti a nisan mita 5 ko 10 daga kan kwari da gefensa, a rubuta nisan daidai. Gobe in an zo musu, tef za a ja daga turke zuwa bakin rami, ba sai an yi rantsuwa ba. Wata dabarar mai sauƙi: a zana fenti a gindin bishiya ko katanga daidai inda ƙasa ta tsaya. In bayan shekara biyu zanen ya koma kamu guda a saman ƙasa, kowa ya ga abin da ya tafi.

A ɗauki hotuna da waya daga kusurwa huɗu, da mutum tsaye a cikin ramin don a gane zurfi. A tura wa juna da shaidu ta WhatsApp a ranar, kwanan wata ya zauna. A wanke huɗu ko biyar a liƙa a bayan takardar, kowa ya sa hannu a kansu.

Mataki na uku: sharuɗɗan gona

Kuskuren da na fi gani a takardun da mutane ke kawo mini shi ne jimla irin wannan: "Mai haya zai kula da gona da kyau." Wannan ba ta ɗaure kowa. Kowane sharaɗi ya faɗi aikin da za a yi, inda za a yi shi, wanda zai yi, da ranar da za a gama. Wa'adin kuma a ɗaura shi da damina, domin aikin tare ruwa da aka yi a Satumba ya zo a makare.

Huɗa ita ce kan gaba. A rubuta ƙarara cewa kunya za ta gitta gangare, ko da garmar shanu ko da tarakta, kuma mai haya ne ke da alhakin tsayawa a kan direba. Kunyar da ta bi gangare lambatu ce ka haƙa wa ruwa da kuɗinka. Gano layin da ya gitta daidai ba ya bukatar injiniya. A sami tiyon nan mai garai-garai da magina ke daidaita gini da shi, a cika shi da ruwa, a ɗaura bakinsa biyu a sanduna biyu da aka yi wa alama a tsayi ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya, ɗayan ya matsa gaba yana hawa ko sauka har ruwan ya daidaita a alamar duka biyu, a kafa turke. A ci gaba haka har ƙarshen gona. Turakun nan su ne layin da garma za ta bi, kuma a kansu za a dasa ciyawa.

Ciyawar da ta fi riƙe ƙasa ita ce jema, saiwarta na nutsewa ƙasa sosai kuma ba ta yaɗuwa ta cinye gona. Gamba ma tana yi, ga ta da amfanin zana. A dasa jema kusa-kusa, tazarar santimita 10 zuwa 15, a farkon damina da ƙasa ta jiƙa, don ta haɗe ta zama shinge. Duk inda ƙasa ta sauka da mita ɗaya zuwa biyu a sa wani layin, wato gona mai tsananin gangare layukanta sun fi kusa da juna. Inda dutse ya wadata, kamar wajen Kaltungo da Billiri, jeren duwatsu a kan layin yana yin aiki iri ɗaya. Mutanen Tula sun daɗe suna noma a jikin tsaunukansu da matakalan dutse, ba wani baƙon ilimi ba ne a jihar nan.

Ga misalin yadda nake rubutawa:

"Mai haya zai dasa layin jema uku a kan turakun da aka kafa ranar zagaye, ya gama kafin 15 ga Yuli na shekarar farko. Duk inda ya mutu zai cike gurbin kafin ƙarshen Agusta. Ba zai tumɓuke, ko ƙone, ko fesa wa layin magani ba."

Kalmar feshin nan kada a manta da ita. Yanzu kusan kowa da maganin kashe ciyawa yake share gona, kuma yaron da aka ba tankin feshi ba ruwansa da bambanta jema da sauran ciyawa. Aikin shekara biyu sai ya ƙone a safiya ɗaya. A rubuta a bar taku biyu kowane gefe.

Sai maganar kara. Ba na goyon bayan a hana mai haya kwashe kara da harawa ɗungum, abincin dabbobinsa ne, wani lokaci ma ribar nomansa ke nan. Abin da za a hana shi ne cinna wa gona wuta da tumɓuke tushiya. A yanka kara a bar gindi, a bar ganyen da ya zube. Ƙasar da ruwan farko ya tarar tsirara ita ce ke tafiya. In ana barin shanu su ci kara su bar taki, a ci gaba, amma a keɓe bakin kwari da sabon dashe.

Sauran a taƙaice: ba saran itacen da aka ƙirga, sassabe ya tsaya a reshe, ba gasa gawayi, ba sayar wa masu tifa yashi ko marmara daga gonar, ba buga bulo da ƙasarta, a bar aƙalla taku biyar daga bakin rafi ko kwari ba noma. In gonar fadama ce irin ta bakin Gongola ta wajen Dadin Kowa, a ƙara cewa ba za a fasa gaɓar kogi don saukar da injin ban ruwa ba sai a wuri ɗaya da aka amince, a shimfiɗa masa duwatsu.

Mataki na huɗu: mai gona ma ya ɗauki nasa

Takardar da ta ɗora komai a kan mai haya zalunci ce, kuma ba za ta yi aiki ba. Mutumin da aka ba gona damina ɗaya, me zai sa ya dasa jemar da sai shekara ta biyu za ta kama sosai? In kana son a kula da ƙasarka, ba da wa'adi mai tsawo, shekara uku zuwa biyar, ka rubuta cewa ba za ka karɓe ko ka ƙara kuɗi a tsakiya ba matuƙar yana cika sharuɗɗa. Na ga inda mutum ya zuba taki ya gyara gona, da ta yi kyau mai ita ya ce ɗansa zai noma. Wanda aka yi wa haka, ba zai sake gyara gonar kowa ba.

Ramin da aka tarar tun farko na mai gona ne: shi zai sayi buhu, dutse da irin jema, mai haya ya sa ƙarfi, ko a cire kuɗin aikin daga haya. Ruwan da ke kwararowa daga filin maƙwabcin sama ma mai gona ne zai je ya yi magana, domin shi ke da fuska a wurin.

Mataki na biyar: in aikin gini ne

Nan ɓarna ta fi sauri, domin katafila na iya yi a yini ɗaya abin da garma ba za ta yi a shekara goma ba. Sharuɗɗan nan sun shafi ɗan kwangilar da ka ba gini, sun kuma shafi wanda ka ba hayar fili don buga bulo, ajiye tifofi ko wankin mota.

Jerin aiki shi ne sharaɗi na farko. Al'adarmu a yi fandisho, a ɗora bulo, a rufa kwano, lambatu ya zo ƙarshe in kuɗi sun rage, galibi kuwa ba sa ragewa. A juya jerin. A rubuta cewa hanyar ruwa, ko da ta wucin gadi ce, za a fitar da ita kafin a share fili, kuma ba za a biya kason rufi ba sai indararo da lambatu sun kammala. Tun ran gini tun ran zane.

Na biyu, inda lambatun zai ƙare. Da yawa daga ramukan da ke cin unguwanninmu a daidai inda wani lambatun siminti ya yanke suka fara. Siminti na ƙara wa ruwa gudu, in ya fito ya faɗa kan rairayi sai ya haƙa. Saboda haka kada a rubuta "zai gina lambatu mita 30" a yi shiru. A rubuta:

"Lambatun zai kai har babbar magudanar da ke bakin titi. In babu magudana, ƙarshensa zai sauka a kan shimfiɗar duwatsu mai faɗi, a dasa jema kewaye da ita. Ba za a juya ruwa zuwa filin maƙwabci ko tsakiyar hanya ba."

Na uku, kada a share fili gaba ɗaya. Inda gini zai zauna da hanyar shigar mota kawai za a kankare, sauran ciyawa da itatuwa a bar su sai an zo kansu. Ƙasar sama mai taki a tara ta gefe guda, a maido ta in an gama. Yashi da tsakuwar da tifa ta juye kada su zauna a cikin lambatu ko bakin hanya. A kewaye tulin da bulo layi ɗaya. Ruwa ɗaya na iya kwashe rabin tifar yashi ya toshe kwalbatin unguwa, asara biyu ke nan. Tifofin kuma su bi hanya ɗaya da aka zuba wa tsakuwa, don sawun taya a jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ne ke zama hanyar ruwa.

Ramin fandisho, na salga da na bututu kada su kwana a buɗe cikin damina fiye da kwanakin da aka ƙayyade. Wajen cikewa a riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa a daɓe kafin a ƙara. Cikon da aka tura da shebur kawai, ruwan farko zai zaunar da shi, ya buɗe wa kansa hanya a gindin gini. Katanga kuma in ta gitta hanyar ruwa, a bar mata rariyoyi isassu a ƙasa. Katangar da ta tare ruwa madatsa ce, ran da ta gaji a kan mutane take faɗowa. In an ɗebi ƙasar ciko daga wani wuri, ɗan kwangila ne zai maida ramin, kada a bar wa unguwa kududdufin da yara za su faɗa.

Filin da ke bakin kwari kuwa, kafin a zuba ko bulo ɗaya a je hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA, a ji tazarar da ta yarda da ita, a kuma kira injiniya ya duba. Arhar irin wannan fili na ruɗin mutane ƙwarai.

Babban aiki, kamar rukunin gidaje ko wurin fasa dutse, yana da ƙarin dokoki a kansa. Akwai dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992, kuma hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, da aka kafa a 2007 ta fitar da ƙa'idoji a 2011, ɗaya kan zaizayar ƙasa da ambaliya, ɗaya kan harkar gine-gine. A rubuta cewa samo izini da biyan duk tarar da ta biyo bayan saɓa su na kan ɗan kwangila.

Mataki na shida: riƙe wani abu sai damina ta yi shaida

A kwangilolin gini an saba riƙe kashi 5 cikin ɗari, wani lokaci 10, na tsawon wata shida bayan miƙa aiki, don gyaran abin da ya ɓaci. Duba abin da wannan ke nufi a nan. An gama gini a Nuwamba, wata shida ya cika a Mayu, an biya mutum ya tafi, lambatunsa bai taɓa ganin ruwan Agusta ba. Don haka kada a ƙirga da watanni. A rubuta rana: "Za a biya ragowar ranar 31 ga Oktoba, bayan aikin ya ga damina ɗaya cikakkiya."

Kuɗin da aka riƙe kada su zauna a aljihun mai gini, domin magina da yawa an cinye musu haƙƙi da sunan riƙo. A ajiye su wurin wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ko lauya, ko wani asusu na daban, a rubuta ranar saki. A gona kuwa, inda mai haya ba shi da abin ajiyewa, sai a juya: in ya cika sharuɗɗa a rage masa wani kaso na hayar shekarar ƙarshe. Na ga wannan ya fi barazana aiki.

A nan ne kuma ake raba ikon Allah da sakaci. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya karɓi abu haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kuma hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Amfanin takardar shi ne ta fayyace mene ne sakaci a wannan fili. Ma'aunin da nake sawa ɗaya ne: ran da ruwan ya yi ɓarna, ayyukan da aka rubuta suna nan a yi? In suna nan, ruwa ya fi ƙarfinsu, ba a ɗora wa mai haya, a haɗu a gyara. In ba su nan, gyara nasa ne.

Mataki na bakwai: sa hannu

A rubuta da harshen da kowa ke ji, a karanta da ƙarfi a gaban shaidu, wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa. Shaidu biyu, da mai unguwa ko jauro, kowa da kwafinsa. In da hali a sa maƙwabcin da ke ƙasan filin cikin shaidu, domin shi ruwan zai fara tararwa. A ambaci wanda za a fara kai wa ƙara kafin kotu, da wanda zai duba ya faɗi gaskiyar ɓarna, malamin gona ko injiniya.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce filin da ke da takardar mallaka ta Gwamna ba a jinginar da shi ko ba da hayarsa ga wani sai da amincewar Gwamna, wannan na sashe na 22. A Gombe harkar takardun fili na hannun hukumar GOGIS. In filinka irin wannan ne, ko hayar za ta wuce shekara uku, kai wa lauya daftarin ya tsara shi bisa ƙa'ida.  Amma ka tabbata sharuɗɗan ruwan nan sun shiga yadda kuka tsayar, kada a mayar da su jimlar "kula da kyau".

Mataki na takwas: bibiya

A sa ranakun zagaye uku a takarda: ƙarshen Mayu kafin ruwa ya kankama, tsakiyar Agusta, da bayan girbi. A wurin gini a ƙara cewa duk ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, ɗan kwangila zai duba washegari, ya yashe lambatu, ya turo hoto.

In an ga sabuwar hanyar ruwa, wa'adin tare ta kwana bakwai ne, kada a jira rani. A fara daga sama, a rage ruwan da ke shigowa, sannan a sa 'yan matsarai a cikin ramin da dutse ko buhun yashi. Kowace matsara ta shiga cikin gefen ramin biyu sosai, tsakiyarta ta fi gefe ƙasa don ruwa ya tsallake ta tsakiya, a zuba duwatsu a inda zai faɗa. Gajeru da yawa sun fi doguwa ɗaya. Buhu ba ya daɗewa a rana, saboda haka da yashi ya taru a bayansa a dasa jema ko kashe-kwari a kai, su karɓi aikin kafin buhun ya yage. Juye shara a rami ba ya tare komai, ruwa na kwashe ta ya kai ta kwalbatin gaba.

Ran miƙa fili ko sakin ragowar kuɗi, a fito da takardar mataki na biyu, a tafi da shaidun farko. A ƙirga itatuwa, a bi layukan jema da ƙafa, a duba zanen fenti, a ja tef daga turke zuwa bakin kwari. In lambobin sun yi daidai da na ranar farko ko sun fi kyau, a biya mutum haƙƙinsa nan take kafin a bar wurin, a rubuta a ƙasan takardar cewa an karɓa lafiya, kowa ya sa hannu. In akwai gyara, a rubuta shi da ranar gamawa, kuɗin su ci gaba da zama wurin mai ajiya har a sake zagayowa.